Motar Baba Ba Ta Iya Ruwa Ba

Motar ba tawa ba ce. Da wannan ya kamata in fara, domin na yi wata da watanni ina barin mutane suna zaton tawa ce, ban taɓa gyara wa kowa zatonsa ba. Ta surukina ce, mahaifin matata, wanda nake kira Baba. Ya yi aikin gwamnati a Haɗeja har ya yi ritaya, ya sayi 'yar motarsa 'yar Kwatano, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce ya haƙura da tuƙi. 'Ya'yansa maza duk suna nesa, sai aka duba aka ga ni ne a kusa, kuma ina da lasisi.

Bai ba ni makullin hannu da hannu ba. Tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Matata ya ba, ta kawo mini haɗe da saƙo: in riƙa kai shi masallacin Juma'a, da wajen likitan ido, da Kafin Hausa gun ƙanwarsa duk ƙarshen wata. Sauran ranaku in yi hidimar iyalina da ita. Sharaɗi guda ne, kada ta shiga fadama.

"Ya ce in gaya maka," in ji ta, "motarsa ba ta iya ruwa ba."

Na ce, "Haba, sai ka ce wani yaro?"

Ina da ɗan shagon takin zamani a cikin gari, ina kuma da gonar shinkafa a fadama, ta hanyar Kirikasamma. Kafin ka kai gonar akwai wani kwari da ruwan kogi ke kwanciya a cikinsa da zarar damina ta yi tsakiya. Tsawonsa bai fi taku sittin ba. A babur nake haye shi shekara da shekaru, in naɗe wando, in ɗaga ƙafafu sama kamar kwaɗo, in fita a jiƙe. Ban taɓa ganin aibun haka ba sai da na ɗanɗani mota.

Ba zan ce buhunan taki ne suka sa na karya sharaɗin ba, ko da yake haka na gaya wa kaina. So nake maƙwabtan gonata su gan ni. Ranar farko da na nufi ruwan, na yi bisimilla, na sa giya ta ɗaya, na taka totur, ruwa ya tashi hagu da dama, na fita lafiya lau. Na sauke gilashi a hankali na yi musu sallama. Wani dattijo da ya san ni tun ina korar tsuntsaye a gonar mahaifina ya ce, "A'a, Alhaji ne da kansa?" Ban je Makka ba, amma na amsa.

A haye na uku ne ta kunno. 'Yar fitila ce ruwan ɗorawa a bayan sitiyari, siffarta kamar kan famfo. Ina kallonta sai na ji motar ta fara rawar jiki, sitiyari na karkarwa a hannuna, salansa na yin fat-fat kamar mai tari. Na lallaɓa na kai gida, na wanke tayoyi da ƙasan ƙofa tas, na ce gobe za ta huce. Gobe ta yi, fitila tana nan, ko ƙiftawa ba ta yi.

Na yi ta murna a raina cewa Baba ba ya gani sosai. Ban yi tunanin cewa wanda idonsa ya rage kunnensa ke ƙaruwa ba. Ranar Juma'a ya shiga baya ya zauna, ko kwanar gidansa ba mu sha ba ya ce:

"Malam, motar nan ɗingishi take yi."

Malam yake ce mini, tun da ba ya kiran sunana.

Na ce, "Ƙila man da na sha ne, Baba."

"A kai ta wajen mutumina."

Mutumin nasa bakanike ne, Kirista, ɗan Filato. Ya zo Haɗeja tun ina firamare, ya kafa gareji a ƙarƙashin wata darbejiya, ya yi aure ya aurar a nan. Hausarsa ta fi tawa karin magana. Injiniya kowa ke ce masa. Tun Baba yana hawa babur shi ke taɓa masa, har abin ya wuce gyara ya zama zumunci: cinyar ragon layya tana zuwa gidansa, shinkafar Kirsimeti tana zuwa gidan Baba, kuma duk Juma'a da la'asar yakan wanke hannu ya zo zaure su sha shayi suna zagin gwamnati.

Injiniya ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙasan sitiyari, ya sa tabarau, ya karanta. Ya ce silinda ta uku ce ba ta ƙona mai daidai, shi ya kawo rawar jikin da nake ji. Ya buɗe bonet, ya zare koyil, wato abin da ke kai wa filogi wuta, ya leƙa ramin. Sannan ya tura ƙyalle a kan sukudireba ya fito da shi a jiƙe.

"Ka wanke injin ne?"

Shi da kansa ya miƙo mini ƙaryar, ni kuwa na karɓa hannu biyu. Na ce, "E, wallahi yaran wankin motar nan ba sa ji."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya busar da ramin, ya sake filogi, ya danna kwamfuta, fitila ta mutu. Ya ce, "To a daina yi mata wanka da yawa, ba amarya ba ce."

Kwana tara na yi ina hawa babur. A na goma na ce ai ruwan ya ɗan ja. Bai ja ba, ƙaruwa ma ya yi.

Fitila ta sake kunnowa, amma a wannan karon ban koma gareji ba. Wani maƙwabcin gonata, wanda ya taɓa yin kwandasta, ya koya mini dabara: ka sami sifana mai lamba goma, ka cire kan batir, ka jira kamar tsawon alwala da salla, ka mayar. Fitila sai ta mutu murus. Na gwada, ta mutu. Na ji kamar na gano maganin mutuwa. Daga nan na tsara aikina. In na dawo daga gona sai in kai motar bayan shagona inda ba mai wucewa, in buɗe bonet in bar rana ta gasa injin, in cire kan batir, in zauna a kan buhun taki ina istigfari da baki, zuciyata kuwa tana lissafin ranar da zan koma.

Abin da tsohon kwandastan bai gaya mini ba shi ne, in aka cire batir, ba laifinta kaɗai mota ke mantawa ba. Har agogo da tashoshin rediyo take mantawa. Baba kuwa yana da tasharsa ta labarai a maɓalli na ɗaya. Muna hanyar asibiti ya ce in kunna masa. Na danna, sai shuuu.

"Ina tashar ta tafi?"

Na ce, "Ƙila ba su da wuta, Baba."

"Gidan rediyon ne ba su da wuta?"

"Ko sun yi ƙaura."

Ya ce, "Ikon Allah."

Sai na ƙara wa aikina mataki ɗaya: bayan mayar da kan batir, in gyara agogo, in nemo tashar in ajiye a maɓallinta. Wata rana na yi cikin gaggawa, na ji muryar namiji yana magana da nutsuwa, na ce ita ce, na ajiye. Ashe talla ake yi a wata tasha ta samari. Da Baba ya ce a kunna, sai ga wata yarinya ta ware murya tana rera wa masoyinta abin da ko a ɗakina ba zan maimaita ba. Ni da surukina, mu biyu, gilashi a rufe. Na kai hannu, maimakon in kashe sai na ƙara murya. Da na samu na kashe, gumi ya jiƙa mini hula.

Baba ya ce, "Lallai labarai sun canja."

Dabarar batir tana kashe fitila ne kawai, ba ta warkar da inji. Rawar jikin ta riƙa dawowa, wani lokaci tun kafin mu kai masallaci. Baba ya sake cewa a kai ta, na kai. Injiniya ya sake koyil guda. Bayan mako biyu na sake komawa. A wannan zuwan bai ko taɓa kwamfuta ba. Ya buɗe akwatin matatar iska, ya zaro ta, ya kakkaɓe a tafin hannunsa. Furen kacala ne ya zubo, wannan doguwar ciyawar da ta cinye mana fadama. Ya durƙusa ya laluba ƙasan injin, ya fito da 'yar katantanwa, da ranta. Ya kama hannuna ya ɗora mini ita.

"Wannan ma a wajen wankin motar ta shiga?"

Na tsaya ina kallon katantanwar a tafina.

Ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Tun zuwan farko na sani. Ruwan famfo ba ya warin taɓo."

"Don Allah, Injiniya..."

"Ni ba na shiga tsakanin mutum da surukinsa. Gyaran mota na koya, ban koyi kai gulma ba. Amma ka bari. Ran da fitilar nan ta fara ƙiftawa, ba filogi za ka ƙona ba."

Na rantse masa. Kuma da gaske nake a lokacin, wannan kam Allah ya sani. Rantsuwar ta riƙe ni har ranar da shinkafa ta isa zuba taki na biyu, aka kuma ce mini wani maƙwabcina ya fara tambaya ko an karɓe motar ne.

Ƙarshen watan nan muka kama hanyar Kafin Hausa da hantsi. Mun yi nisa kaɗan sai fitila ta kunno, sannan ta fara abin da ba ta taɓa yi ba: ƙiftawa. Ƙif, ƙif, ƙif, kamar mai yi mini gwalo. Motar ta rasa ƙarfi. Ina taka totur tana shaƙewa, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ciki. Muka koma rarrafe a gefen titi. Mai amalanken shanu ya zo ya wuce mu, har ya ɗaga mana hannu ya ce sannunku.

Muna cikin wannan rarrafen Baba ya tambaye ni:

"Sau nawa ke nan ya gyara ta?"

"Uku, Baba."

"Kuma tana dawowa."

A nan ne ya kamata in tsaya in faɗi gaskiya. Wuri ne mai kyau, ba kowa, ga shi a baya ba sai mun haɗa ido ba. Amma abin da na ce shi ne:

"Ƙila kayan da ake sa mata ne ba na asali ba."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa 'yan kasuwar kayan gyara nake nufi. Ƙarya ne. Na san inda maganar za ta faɗa, kuma can ta faɗa. Baba ya ja numfashi ya ce, "Shekara ashirin da biyar." Bai ƙara ba.

Baba yana da majalisa, tsofaffin ma'aikata 'yan'uwansa da ke zama a kan benci a ƙofar masallacin unguwa bayan azahar. Ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa in ya faɗi abu ake ɗauka. Ya faɗa sau ɗaya, ana zancen Injiniya, cewa mutum ba ya gama sanin mutum. Cikin mako ɗaya, mutum biyu daga cikinsu suka ɗauke motocinsu daga garejin, ɗaya ma ba a gama ɗaure ta ba. Maganar ta shiga gari ta yi 'ya'ya: wai Injiniya yana wanke tsohon filogi ya sa a sabon kwali. Ranar Juma'a ya zo shan shayi kamar kullum, aka ce masa Baba yana hutawa. Ina daga cikin gida ina jin muryarsa yana cewa, "To, a gaishe shi, Allah ya ƙara sauƙi." Juma'a ta gaba bai zo ba. Baba ya aiko a gaya mini in shirya, za a kai motar Kano.

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, kwana biyun farko sauƙi na ji. Na ce an wuce wurin.

Matata ce ta tare ni da rana tsaka, tana shanya.

"Baban yara, in tambaye ka mana. Wa ya yi wa kwarin nan gada?"

"Wace gada?"

"Shekara nawa ina wanke maka wando da taɓo har gwiwa. Bana kana zuwa gona kana dawowa kamar wanda ya je ɗaurin aure. Na ce ko gwamnati ta tuna da ku."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na fara faɗa, wai ana zargina a gidana. Ta bar ni na gama, ta ci gaba da shanya. Da na ga faɗan ba shi da abokin yi, sai na sauko na zauna a kan turmi na ce ta taimake ni ta gaya wa Baba, tun da bakina ba zai iya ba, kuma ai ta hannunta saƙo ke bi tsakaninmu.

Ta ce, "Makulli na kawo maka. Wannan kayan kai ka ɗaura, kai za ka kai. Injiniyan nan shi ya kai ni asibiti a motarsa ranar haihuwar fari, kana Malam Madori kana cinikin taki."

Na fara biyawa ta gareji, ina fatan ko Injiniya zai ce in bar shi, ya wuce. Na same shi zaune a kan tsohuwar taya, mota ɗaya tak a gabansa, yana cin gyaɗa.

"A'a, Alhajin fadama! Yau a ƙasa? Ina jirgin ruwan?"

Na tsuguna. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"In ce masa me? In shekara ashirin da biyar ba ta yi mini shaida ba, katantanwa ce za ta yi?" Ya miƙo mini gyaɗa. Dariya yake yi, amma bai dube ni ba.

Washegari da safe na je zauren Baba. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa can gefe, na gaishe shi, na tambayi ido, na tambayi ƙafa, na tambayi ruwan da aka yi shekaranjiya. Na sake gaishe shi. Ya ce, "Malam, ka gaishe ni sau uku. Mutuwa aka yi?"

Sai na faɗa. Na faɗa ina kallon tabarma, tun daga hayen farko har sifana mai lamba goma, har maganar da na yi a hanyar Kafin Hausa. Na gaya masa Injiniya ya gano tun ranar farko, ya yi mini nasiha, ya rufa mini asiri.

Da na gama ya ce:

"Ruwan ya kai ina?"

"Gwiwa, Baba."

"Gwiwar wa? Taka ko ta raƙumi?"

Na sunkuyar da kai.

"To gidan rediyon, sun dawo daga ƙaurar?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Na ji kamar yana danne dariya, har na fara sa rai abin zai tsaya a nan. Sai muryarsa ta canja. Ya ce, "Ɗauko makulli."

Na zaci karɓewa zai yi, na miƙa. Ya ce a'a, in tayar da ita. Muka tafi tana fat-fat har ƙarƙashin darbejiya. Lokacin gari ya gama tashi, masu shayi da masu faci da masu jiran gyara duk suna nan. Na zagayo zan riƙe masa hannu, ya janye. Ya taka da sandarsa, yana laluben ƙasa, har gaban Injiniya. Injiniya ya miƙe da sauri yana goge hannu a riga.

Baba ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce, "Na zo neman gafara. Na zarge ka da ha'inci ban tambaye ka ba. Na kai maganarka majalisa. Ka zo gidana na ce ina hutawa, alhali idona biyu. Ka yafe mini don Allah."

"Haba Alhaji, haba Alhaji, wallahi ba komai, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba sai ka ce ka yafe."

"Na yafe, duniya da lahira."

Ina tsaye jikin mota ina jiran inda zai ce surukina ne ya yi kaza. Na ma shirya fuskar da zan yi. Bai ce ba. Har ya gama ko nuna ni bai yi ba. Dattijo mai furfura ya tsaya a bainar jama'a ya ɗauki kayana a kansa, ni kuwa ƙato ina riƙe da makulli. Da ya zage ni a gabansu da na fi samun sauƙi.

Injiniya ya yi kwana biyu a kan motar. Bayan an gama, Baba ya sa na riƙa kai shi gidajen 'yan majalisar ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ji maganar daga bakinsa. A kowane zaure yakan ce, "Abin da na faɗa a kan mutumin nan ba haka ba ne, na janye." In an tambaye shi to me ya sami motar, sai ya ce, "Sanyi ne ya kama ta." Ni ina bakin ƙofa a tsugune, ana cewa Allah ya yi wa wannan suruki albarka, yana ƙoƙari da tsoho. Gida bakwai na sha wannan addu'a.

Cikin biyun da suka ɗauke motocinsu, ɗaya ya mayar a makon. Ɗayan ya saurari Baba har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce ai Alhaji mutumin kirki ne, yana rufa wa abokinsa asiri ne kawai, amma ruwa ba ya tsami banza. Na kasa haƙuri, daga baya na koma ni kaɗai na gaya masa komai da bakina. Ya dube ni ya ce, "Kai ma sun sa ka ke nan." Har yau wani gareji yake kai motarsa, can hanyar tasha, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili yana gaya masa.